Maganin Gilashi

Tun da na dawo daga Kumasi ba ku bar ni na sarara ba. Wanda ya gan ni a kasuwar Ɗambatta sai ya tare ni da "Haladu, ya Ghana?" Wanda bai gan ni ba ya bugo waya. Ni kuwa amsata ɗaya ce, "Lafiya lau," in kama gabana. Har na ji wasu na cewa girman kai na koyo a can. Wallahi ba girman kai ba ne, bakin ne ya yi nauyi. To yau ga shi nan zan zazzage muku, wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba, a daina tsare ni a hanya.

Ku fara sanin abin da ya kai ni. Kun san ina koyarwa a kwaleji, kuma na daɗe ina fama da digiri na uku, har mutanen ƙauyenmu suka fara kirana Dakta tun ban samu ba, ni kuma in ji kamar zagina suke yi. Aikin da na ɗauko shi ne shafa wa gilashi wata siririyar fata ta wani ƙarfe da ake kira niyobiyam. Ido ba ya ganin kaurinta, amma in ta kama, gilashin kan yi duhu ko ya washe idan an ba shi 'yar wutar lantarki, ana kuma amfani da irinta a batura da allon sola. Ba narka ƙarfen ake yi a shafa ba. Akwai wani ruwa da ake haɗawa daga jikinsa, niyobiyam etoksaid, ɗaya daga dangin da muke kira alkoksaid, shi ake ɗigawa a kan gilashi a gasa. Wannan ruwa shi ya hana ni sakat. Kano babu, Zariya babu, Legas babu, masu sayar da shi a Turai kuma suka ce ba sa aiko irinsa nan. Ana cikin haka jami'a ta ce ta gaji da ni: in ban kawo sakamako kafin ƙarshen zangon karatu mai zuwa ba, za a soke sunana, shekarun da na kashe duk su bi ruwa. Malamina ne ya ji tausayina ya haɗa ni da wata Farfesa a Kumasi da suka yi karatu tare. Ta ce tana da ragowar kwalba ɗaya, in zan iya zuwa in zo.

Ranar da zan tafi an kwana da ruwan shuka. Na iske Baba a gonar bayan gida yana sara, yayana Habu yana binsa da iri. Na lura ƙafar Baba ta ɗan kumbura, takalmin ya kama shi.

Na ce, "Baba, ƙafar nan fa?"

Ya ce, "Tsufa ne. Kai dai je ka ka gama abin nan, na gaji da a ce mini baban Dakta alhali Daktan bai nuna ba."

Muka yi dariya, ya sa mini albarka. Inna ta ƙulla mini garin kunu da ƙuli-ƙuli da yajin daddawa, kamar wanda za shi inda ba a cin abinci.

Daga Kano na shiga babbar motar Legas. Wanda bai taɓa wannan tafiya ba kada ya roƙi Allah ya nuna masa. Na zauna kusa da wani mai sayar da albasa wanda ya mayar da kafaɗata matashin kai tun kafin Kaduna, ban sake samun kafaɗar nan ba sai da taya ta fashe mana a wani daji muka sauka kowa na salati. A Legas ruwan sama ya yi mana marhaba. Kafin in sami motar Ghana jakata ta jiƙe sharkaf, garin kunun Inna ya dama kansa da kansa a cikin kayana. Rigar da na tanada don gaida Farfesa ta koma abin tausayi.

Iyaka uku ake tsallakawa, Benin, Togo, sannan Ghana, kowacce da layinta da tambarinta da neman katin allurar rigakafi. Da mun shiga Benin turancina ya zama banza, sai Faransanci, sai nuni da hannu. Burodinsu dogo ne mai tauri, sai ka yi da gaske kafin ya gutsuru. A Togo na yi abin kunya. Na duba agogona na ga azahar ta yi, na shimfiɗa darduma a gefen tasha na tayar da salla. Ina sallamewa wani dattijo mai wankin takalmi ya ce mini da Hausa, "Malam, walha ka yi ko?" Ashe agogonsu yana bayan namu da awa guda. Na sake wata daga baya, yana kallona yana murmushi.

A Kumasi na sauka a zango, gidan Alhaji Isaka, wani dattijo da kakansa ya zo fataucin goro daga ƙasar Kano bai koma ba. Bai san ni ba, direba ne kawai ya ce masa ga Bakano, sai ya buɗe mini ɗakin ɗansa. Hausarsu ta ba ni wahala da farko, don ba su raba mace da namiji. Ya ce mini, "Hajiya ya tafi kasuwa, in ya dawo zai ba ka abinci." Na yi ta zuba ido in ga wane irin ƙato ne wannan Hajiya. Da ta dawo ta kawo mini fufu, tuwonsu na rogo, da miya mai ruwa-ruwa, na kai loma na fara tauna, gidan duka ya fashe da dariya. Wai ba a taunawa, haɗiya ake yi. Kokonsu kuwa yaji ne zalla, sai ka sha kana share hawaye. Shinkafa da wake ce ta cece ni, ita ce abincina safe da rana.

Abin da ban iya sabawa da shi ba shi ne mutuwarsu, ta waɗanda ba Musulmi ba. Mu a nan mutum ya rasu da safe, kafin azahar ya kwanta a makwancinsa. Su sai a ajiye gawa a firij wata da watanni ana shiri, a buga hotonsa ƙato a kafa a bakin titi, ranar Asabar a sa baƙi da ja, a kafa rumfuna, a saki kiɗa. Na tambayi Alhaji Isaka ko ba sa jin zafin mutuwar ne. Ya ce, "Suna ji mana. Kowa da yadda yake kuka." 

Farfesa gajeriyar mace ce mai furfura, ba ta dariya sai da dalili. Ranar farko na shiga ɗakin gwaje-gwajenta daga alwala, gemuna na ɗiga. Ta dube ni sama da ƙasa ta nuna mini ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zaci addinina take wa haka, har na fara haɗa maganar da zan mayar mata. Da na goge jikina na dawo, sai ta ja ni gaban wani akwatin gilashi mai dogayen safar hannu na roba a jikinsa, wanda aka kore iskar cikinsa aka cika da busasshen naitirojin. Kwalbar tana ciki. Ruwan garai-garai, da ɗan rawaya kamar tataccen man gyaɗa. Shekara da shekaru ina karanta sunansa a takarda, sai ran nan na gan shi da idona.

Ta zuƙo ɗigo ɗaya a sirinji ta fito da shi, ta ɗiga a kofin ruwa. Nan take ya tsinke ya koma fari fat kamar kindirmo, ya kwanta a ƙasan kofin.

Ta ce, "Ka gani? Ya mutu ke nan, ba ya dawowa. Ba sai kofin ruwa ba, numfashinka ma ya isa, gumin hannunka ya isa. Abin nan ba shi da maƙiyi kamar laima."

Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma a ƙasarku ake tono shi. Baƙin yashin da ake samu tare da kuza, shi ne uwarsa. Ku haƙa ku sayar a buhu, a mayar da shi ruwa a wata ƙasa, kai kuma ka ƙetare iyaka uku kana roƙon cokali ɗaya." Gaskiya kuwa ta faɗa.

Aikin kansa haƙuri ne. A cikin akwatin za ka tsinka ruwan da barasar da aka tsotse wa ruwa kaf, ka sa ɗan asid don ya rage masa gaggawa, saboda so ake laima ta shige shi a hankali, ba gaba ɗaya ba. Sannan ka ɗora ɗan gilashin da ka wanke tas a kan wani faifai, ka ɗiga, faifan ya juya da gudu ya baje ɗigon, ka kai tanda ka gasa. Ga sauƙi a baki. Amma Kumasi gari ne da rigar da ka shanya take kwana biyu ba ta bushe ba. Kafin in kai gilashin tanda ya yi hazo. Wanda bai yi hazo ba ya tsattsage. Wani kuma wuta ta ɗauke yana tsakiyar gashi. Kullum kwalbar na raguwa, kullum Farfesa na duban inda ruwan ya tsaya. Na rame har Hajiya ta fara tambaya ko abincinta ne ba na so.

Sai wata ranar Talata guda ɗaya ya fito. Na ɗaga shi a hasken taga na ga shuɗi da shunayya suna wasa a kansa kamar wuyan tattabara, babu hazo, babu tsaga. Farfesa ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Yanzu ka iya. Saura ka yi irinsa da yawa, a zafi daban-daban, ka auna." Guda ɗaya ba ya zama digiri, amma ran nan na ci fufu har da neman ƙari.

Washegari Habu ya bugo. Ya ce kumburin Baba ya hau har ciki, an kai shi asibiti a Kano an sallamo su, an ce ƙoda ce, a koma gida a yi ta addu'a. Ya ce, "In kana da halin tahowa ka taho."

Na shiga wajen Farfesa ban san ma me nake faɗa ba. Ta saurara ta gama, ta ce in tafi. Sannan ta ce abin da ban zata ba: in ɗauki ragowar kwalbar duka. "Ka ce iskarku da rani ta fi akwatina bushewa. Faifai da tanda kuna da su. Ka jira damina ta wuce, ka yi aikinka a gida. Amma ka sani ba ni da wata, kuma ba zan sake samu nan kusa ba." Sai dai kafin a ba ni, dole a juye shi a ƙaramar kwalba a cikin akwatin, a like bakin, a kuma sa hannu a takardar da zan nuna a iyaka. Wannan ya ci kwana biyu.

A cikin kwanakin nan Inna ta karɓi wayar Habu. Ta ce, "Haladu, me ya tsayar da kai? Babanku sai tambaya yake."

To ku gaya mini, ya zan ce wa Inna niyobiyam etoksaid? Mu da komai na cikin kwalba magani ne a wurinmu, na feshi magani, na sauro magani, na ɓera magani. Ko a kwaleji haka muke ce wa masu shara, kada a taɓa magungunan nan. Na ce, "Inna, wani magani nake jira a ba ni, babu irinsa a ƙasarmu. Da na karɓa zan taso."

Ta ja wani dogon "Alhamdu lillahi," ta yi ta sa mini albarka har layin ya yanke. Na ɗauka murnar tahowata take yi.

Jirgi ba ya ɗaukar irin wannan kaya, don haka hanyar da na bi ita na sake bi. Kwalbar ba ta fi babban yatsa ba. An naɗe bakinta da roba, an sa ta cikin wani gwangwani mai murfi da aka cika da 'yan duwatsu masu shan laima, ni kuma na cusa gwangwanin a safa na rungume jakar a cinyata. Ko fitsari zan sauka da ita nake sauka. A iyaka ta biyu wani jami'i ya zazzage kayana ya ci karo da ita. Ya karanta takardar, ko bai gamsu ba ko bai gane ba, ya ce a buɗe ya sansana. Ruwa kuwa ake tsugawa a lokacin, rumfar har ɗiga take. Na roƙe shi da Turanci, na roƙe shi da Hausa, na haɗa hannu biyu. Ni da ko ɗan sanda ba na ragawa a gida, sai ga ni durƙushe a gaban wani yaron da na girma. Direbanmu, wani Bazabarme, ya sa baki da Faransanci, ya daɗe yana magana yana nuna ni. Jami'in ya ɗaga kwalbar ya kalli haske ta cikinta, ya miƙo mini. A mota na tambayi direban abin da ya ce masa. Ya ce, "Na ce ubanka ne ba lafiya." Na yi masa godiya, ban tsaya tunanin komai ba.

Na iso Ɗambatta ana tsakiyar marka. Geron da na bari ana shukawa ya fi ni tsawo, hanyar ƙauyenmu ta zama taɓo, mai acaɓa ya sauke ni a bakin rafi na ƙarasa da ƙafa. Ana kiran la'asar na yi sallama. Inna ta fito ta riƙe hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na girma, don ni ne ɗan da take kunya bayan Habu. Idonta na kan jakata.

Ta ce, "Ka zo da shi?"

Na ce, "Na zo da shi, Inna. Ina Baba?"

Ta ce ya samu barci, kada a tashe shi, ya kwana biyu bai runtsa ba. Na leƙa na gan shi. Ba don ɗakinsa ba ne da gadonsa da ban gane shi ba. Na ajiye jakar a ɗakin Inna, karo na farko da na rabu da ita tun Kumasi, na yi alwala na fita masallaci. Bayan salla dattawa suka tsare ni da gaisuwa da ya hanya da ya mai jiki. Ban daɗe can ba, amma na daɗe.

Da na dawo na ji muryar Baba, na ɗaga labule. Inna na zaune a bakin gado, ta tallafo kansa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kofin silba. A kan tabarma ga safata, ga gwangwanin a buɗe, ga reza, ga kwalbar a kwance babu murfi. Abin da ke cikin kofin fari ne fat. Tana cewa, "Bismillahi, Malam, ɗaga kai kaɗan."

Ban san lokacin da na tsallaka ɗakin ba. Na doke kofin daga hannunta ya bugi bango, farin ya fantsama a zanen gado. Na ɗaga murya a kan mahaifiyata, na ce, "Ya sha? Inna, ya sha?"

Ta ce, "Bai sha ba." Ta dubi kofin a ƙasa. "Ya farka yana tambaya ne, na ce kada a jira. Haladu, ba haka ake haɗa shi ba?"

Na durƙusa na ɗauki kwalbar. 'Yar ragowar da ta maƙale a gindinta ta riga ta yi fari. Ina riƙe da ita sai maganar da na yi a waya ta dawo mini, kalma bayan kalma. Daga baya Habu ya gaya mini cewa tun ran nan kullum Inna ke cewa Baba ya daure ya sha kunu, Haladu na hanya da maganin da babu irinsa a ƙasar nan. Kuma yana daurewa ya sha.

Baba yana kallona. Muryarsa ta shige ciki, sai da na matsa kusa.

Ya ce, "Ba nawa ba ne?"

Na ce, "Baba, ba na sha ba ne. Guba ne ga mutum. Na aikina ne, na makaranta. Gilashi ake shafa wa."

Ya ce, "Gilashi."

Na ce, "E, Baba."

Ya dubi farin da ke gangarowa a bango, ya dubi Inna. Sannan ya ce, "Mun yi maka ɓarna ke nan."

Na ce ba komai, akwai wani. Ƙarya nake, kuma ya san ƙarya nake, mutumin da ya haife ni.

Ya ce, "To. Allah ya ba gilashin lafiya." Ya yi ɗan murmushi don in san wasa yake, ya juya fuskarsa bango.

Daga ran nan bai sake karɓar kunu ba. Ba fushi ya yi ba, yana amsa gaisuwa, yana sa albarka, kawai dai in an kawo sai ya ce ya ƙoshi. Ranar Juma'a da hantsi ya cika, kafin a tafi masallaci mun kai shi.

Masu tambayar digiri, ga amsarku. Na sanar da Farfesa, ta yi mini ta'aziyya, ta ce ba ta da wata kwalbar, kamar yadda ta faɗa tun farko. Malamina ya nema mini ƙarin lokaci ba a bayar ba. Don Allah a daina ce mini Dakta.

Ran sadakar uku ina zaune a zaure da maza, liman ya yi ta yabona a gaban jama'a, wai ɗa na gari ke nan, har Ghana ya je neman wa ubansa magani. Kowa na cewa Allah ya yi albarka, ni kuwa kaina na ƙasa. Da abin ya ishe ni na tashi na shiga cikin gida kamar zan ɗebo ruwa. Mata sun cika rumfar Inna. Ina bayan zana na ji wata tsohuwa, ƙawarta tun ta ƙuruciya, tana tambayarta, "Ni kuwa maganin nan da yaron ya sha wahala ya kawo, Malam ya samu ya sha kuwa?"

Na tsaya cak da buta a hannu. Tun ranar da na doke kofin nan ni da Inna ba mu haɗa ido ba.

Ta ce, "Ya sha. Da hannuna na ba shi. Kwana ne ya ƙare."